Filashin Sallau Mai Gyara

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗa ba, don yanzu wani zai ce garinsu ne. Da daɗewa fa, tun kwamfuta tana da ƙeya kamar randa. Sunansa Sallau, gyaran kwamfuta yake yi a 'yar rumfa bakin kasuwa. Kai mai latsa waya a baya, ajiye, da kai ake.

Sallau ba shi da komai sai suna mai kyau. In ka ba shi kayanka, je ka sha shayinka.

A unguwarsu akwai wani dattijo, Baba Haladu, tsohon malamin firamare, da matarsa Inna Delu. Ɗansu na fari, Nafi'u, ya rasu ya bar musu kwamfutarsa a falo. Hotunansa suna ciki, muryarsa tana ciki, yana hira yana dariya. Kun san kunyar ɗan fari, Inna Delu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Amma kullum da hantsi, Malam na fita, sai ta kunna muryar nan ta ɗauki tsintsiya, wai shara take. Falon da aka riga aka share fa!

Ran nan aka kunna, wayam. Cuta ta shiga, wadda ake ce wa bairos. A danna nan, babu. A danna can, babu. Kwana uku kafin nan kuwa Inna Delu ta aro filashin maƙwabciya, ɗan abin nan da ake zuba bidiyo a ciki a soka wa kwamfuta, ta kalli bidiyon biki. Shi ke nan, Baba Haladu ya yanke hukunci.

"Saboda kallon rawa kin sake kashe min yaro!"

Ku saurara, maganar nan ta fi mari. Inna Delu ta juya ta shige ɗaki. Shekara arba'in suna tare, sai ga kwanon Malam yana zuwa yana komawa a rufe.

Aka kira Sallau. Abokan sana'arsa suka ce, "Wanke kwamfutar tas kawai, ka zuba sabon kaya, kafin azahar ka gama."

Ya ce, "In na wanke ta, har da yaron zan wanke."

Kwana uku yana zarya gidan. Ya ciro rumbun ajiyar kwamfutar, ya jona da tasa na'urar mai maganin cuta, yana bi lungu-lungu. Wuta ta ɗauke, ya jira. Ta dawo, ya ci gaba. Ashe muguwar ba ta cinye komai ba, ɓoyewa ta yi. Ya kashe ta, ya dinga fito da kayan ɗaya bayan ɗaya.

Sai idonsa ya faɗa kan ranar da cutar ta fara shiga. Ba ranar bidiyon biki ba ce. Sati biyu kafin nan ne, wata Juma'a. A ranar ne shi da kansa ya zo ya zuba wa Baba Haladu karatun tafsiri, don Allah, da filashinsa, ɗan jan nan da ke rataye a makullansa. Ya ciro shi ya duba. Ga 'yar banza nan a ciki, ta harɗe ƙafa.

To a nan fa jarabawar take. Shaiɗan ya matso ya ce, "Wa ya sani? Tsoho ya san cuta tana da kwanan wata ne? Kunna musu, a sa maka albarka, ka kama gabanka. Ka yi magana, gobe kasuwa ta ɗauka: mai magani shi ke rabon cuta."

Yana cikin wannan sai aka turo masa kofin kunu ta ƙarƙashin labule. Inna Delu ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗan nan, in ba za ta gyaru ba, ka gaya min ni tukuna. Tunda ni na ɓata, ni zan san yadda zan faɗa wa Malam."

Kun ji ko? Baiwar Allah har ta yarda ita ce. Sallau ya ajiye kunun nan bai sha ba.

Da Baba Haladu ya dawo, Sallau ya ce, "Baba, komai ya dawo. Amma kafin in kunna, a kira Inna."

Ta zo ta tsaya bakin ƙofa. Sallau ya durƙusa, ya ajiye filashin a kan tabarma.

"Wannan ne ya kawo cutar. Nawa ne. Ranar da na zuba maka tafsiri ta shiga, ban duba shi ba. Inna ba ta da hannu."

"Kai Sallau, rufa mata za ka yi?"

"Wallahi Baba, ga kwanan watan nan."

Tsoho ya sa tabarau, ya duba, ya sake dubawa. Sallau ya miƙa hannu ya danna. Sai ga muryar Nafi'u ta cika falo:

"Inna, miyar nan gishiri ya yi yawa! Kar a ba Baba, ni zan taimaka in cinye."

Inna Delu ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ba ka ce kuka ba, ba ka ce dariya ba. Baba Haladu ya cire tabarau.

"Delu, na zalunce ki. Ki yafe min."

"Haba Malam, a gaban ɗan mutane?"

"A gabansa. Shi ma a gabanmu ya faɗi nasa."

Kasuwa ta ji kuwa? Ta ji mana! Wata guda ana kiransa Sallau Mai Bairos, wasu ma suka sauya rumfa. Shi dai ya ci gaba da gyaransa.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Riƙon amana bai tsaya a mayar wa mutum kayansa ba. In laifinka yana kan wani, yana ɗauke da shi yana shan faɗa, je ka sauke masa. Kai da ka fasa fuskar wayar yayanka ka bari aka zane ƙanwarka, kana jina. Kai da ka tura magana a guruf ɗin waya aka kama abokinka, kar ka sunkuyar da kai, na gan ka. Kalma biyu ce rak: "Ni ne." Tana da ɗaci, amma wani zai ci abinci da daɗi yau saboda ita. Ku je ku faɗa kafin la'asar. Allah ya ba mu iko.