Motar da Nomau Ya Hana Layi

Jama'a, yau ma ga ni. Akwai wani direba a unguwar Zango cikin Zinder, sunansa Alkasum, mai jigilar mutane zuwa Zermu. Ƙarfinsa bai kai na manyan motoci ba, sai ya sayi wata mai araha da aka fara shigowa da ita.

Gaskiya dai motar nan ba ta da fasali. Fuska kamar ta kwaɗo, ƙofa sai an ɗaure da igiya, ta ga rairayi ta durƙusa.

Nomau, shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobin tashar, ya ce ba za a zubar musu da mutunci da gwangwani ba. Ya hana shi layin lodi, alhali da layin nan Alkasum ke ci da gidansa.

Alkasum bai roƙe shi ba. Ya ce, "Yarinya ce, za ta girma. Ni kuwa ba na durƙusa wa mutum."

Ya koma gindin wata tsamiya a bakin hanya yana lodi. Ya sha dariya, wallahi, har ya gode Allah. Wata rana ya wuni bai samu ko mutum uku ba. Matarsa Rabi ta ce ya je ya ba da haƙuri ko don yara, ya ce a sha kunu a kwana.

Su kuwa masu ƙera motar ba su yi barci ba. Fitowa ta biyu ta daina tafasa a hanya. Alkasum ya sayar da tsohuwar, ya lallaɓa ya saye ta. Ta uku kuwa, tubarkalla, dogon ƙugu da fitilu masu kyau, ga ta ba ta shan esansi, wato mai, da yawa. Ita ma ya canja ya saye ta.

Sai fari ya zo, irin wanda tiyar hatsi ta gagari talaka. Mutanen Zermu suka riƙa shigowa birni neman tsaba. Motocin tasha masu shan mai suka ƙara kuɗi, shi kuwa bai ƙara ba, don motarsa ba ta matsa masa ba. Kowa ya koma gindin tsamiya. Direbobi ma suka fara sayen irinta suna bin bayansa, tasha ta zama kango.

Nomau ya aiko cewa an yafe masa, ya dawo layi. Ji fa! Alkasum ya ce a gaya masa bai yi laifi ba balle a yafe masa.

Da ya ga uwar bari, Nomau ya zo da kansa, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya tambaya ko akwai wuri.

Alkasum ya ce, "Akwai. Nan ba a korar kowa. Ja motarka can baya, ka jira layinka."

Ya ja, ya jira.

Darasi: Kada ka raina abu don ka gan shi yana rarrafe, kuma kada ka bar wanda ya raina ka ya yanke maka inda za ka tsaya. Ku tura wa duk wanda ake yi wa dariya yau saboda ƙaramin abin da ya fara da shi.