Baitoci Arba'in da Gara Ta Ci

To, ku gyara zama. Kai ma mai latsa waya ajiye ta, yau sai kun yanke mini hukunci.

An yi wani tsoho, Malam Sidi na Bakin Gulbi. Ya gaji wata waƙar tauhidi ta ajami daga malaminsa, littafin da mutum ɗaya tak ake danƙa wa a kowane zamani. Gara ta cinye baitoci arba'in na ƙarshe, ba su saura ko'ina ba sai a kansa, kan kuwa ya fara mantuwa. Yakan wuni yana kallon kwalekwale, yana ji kamar malaminsa na kiransa daga tsallaken ruwa. Tsoronsa ɗaya ne, kada a binne shi da baitocin nan.

A wata jami'a akwai ɗalibai uku masu karatun digiri na uku a sashen nazarin addini: Lantana, Mudassir da Ɗayyabu. Lantana ce ta tsinci sunansa a gefen wata tsohuwar takarda. Ƙauye bakwai ta taka da damina, taɓo har gwiwa. Da ta gayyace shi ya zo ya yi musu lacca, sau uku yana cewa, "'Yata, koma gida." Ina! Ta zauna kwana tara tana taya matarsa surfe, har ya sakko. Sharaɗinsa shi ne na malaminsa: ba na'ura, ba biro, daga baki sai kunne.

Ranar lacca ɗakin taro ya cika, furofesoshi a sahun gaba. Malam ya yi ta zuba bayani kamar ba shi ba, har ya iso inda gara ta ci. Ɗif! Sai ya ga ɗakin ya koma ruwa, fararen rigunan furofesoshin nan suna yawo a kai kamar balbelu. Ya lalubi baiti ɗaya, babu. Aka fara kallon agogo.

Nan Mudassir ya miƙe, wai zai yi tambaya. Ya karanto baitocin da suka tsira, waɗanda ya ji yanzu daga bakin Malam, amma da gangan ya hargitsa su, na gaba ya koma baya. Ɗaki ya ɗauki gunaguni, malamin da ke duba bincikensa ya rufe fuska don kunya. Malam Sidi kuwa zumbur ya yi.

"Kai! Wa ya karantar da kai haka? Saurara ka ji!"

Ya gyara na farko, ya gyara na biyu, wallahi bai san lokacin da ya zarce cikin baitocin da gara ta ci ba.

Sai dai ya lumshe ido, muryar ta koma raɗa, ga sauri, kamar mai biya wa malaminsa karatu a zaure. Ba mai ji sai Ɗayyabu, mahaddaci makaho, wanda ya rarrafo ya zauna a gindin kujerarsa. Ɗayyabu ko numfashin kirki bai yi ba har baiti na arba'in.

Malam ya buɗe ido ya tambaya ko an kira la'asar. Ɗayyabu ya biya masa baitocin tsaf. Tsohon ya saurara, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ɗana, waƙar nan ta wa ce? Kai, tana da daɗi." Ta fita daga kansa ke nan, fita ta har abada. Ni nan wurin ne yake karya mini zuciya.

Sharaɗin gadon littafin dai bai manta ba. Da aka gaya masa abin da kowa ya yi, ya ciro littafin daga gafaka ya miƙa. "Mutum ɗaya aka ce. Wanda ya cece ta ya karɓa."

Lantana ta kawo Malam, amma ko baiti ba ta riƙe ba. Mudassir ya farkar da shi, amma da ɓata karatu a bainar jama'a. Ɗayyabu ya haddace, amma ba zai taɓa ganin harafi ɗaya a littafin ba.

Hannun tsoho na can a miƙe. To, wane ne a cikinsu zai karɓa?