Shunin Hannun Biri

An yi wani Biri mai gajen haƙuri da jin kai, yana koyon rini a marina tare da Kunkuru, wanda ba ya gaggawar komai. Al'adar marinar ita ce, duk wanda ya jure dama ruwan baba na rini har shuni ya zauna masa a hannu, sai a ba shi ramin rini nasa na kansa.

Biri ya kusa samun nasa, sai Hankaka sarkin zuga ya sauka a bakin rami, ya ce masa ai a maƙera babu mai fama da wari, wasa da wuta kawai ake yi.

Biri ya yar da muciya. "Ni ba zan tsufa ina dama ruwan ɗoyi ba."

"Saura kaɗan fa, abokina," in ji Kunkuru.

"Kai ina ka san tafiya? Gidanka ma goye kake da shi!"

A maƙera aka ba shi zugazugi. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, har kafaɗa ta sage. Ya ce wannan ai muciya ce aka sa wa fata. Ya koma majema, ya tarar warin can ya dame na baba. Ya je masaƙa, suka dubi hannunsa suka ce kada ya kuskura ya taɓa musu farin zare. Haka ya yi ta yawo gari gari, ko'ina aikin sabon shiga ake miƙa masa, shi kuwa yana ganin ya wuce nan.

Bayan shekaru ya dawo, ƙafa duk faso, ko tsallen kirki ba ya iyawa. Ya tarar Kunkuru yana da ramuka, har da wanda aka so ba shi Birin.

"A ba ni ramina," ya ce a gajiye. "Ni tsohon hannu ne a nan."

"Mu ga hannun."

Biri ya buɗe tafinsa. Shunin ya koɗe sarai, sai kanta da tabon ƙuna.

Kunkuru bai yi dariya ba. Ya jawo muciya ya miƙa masa. "Ungo. Tana nan yadda ka yar da ita."

Daga kan katanga Hankaka ya fara ba da labarin wani aiki mai daɗi a ƙetaren kogi. Biri ko ɗaga kai bai yi ba, ya ci gaba da dama.

Darasin wannan labari shi ne, barin aiki ba laifi ba ne, amma wanda gajen haƙuri da girman kai suka tayar, halinsa kan riga shi isa sabon wuri. Ko rumfa nawa ya canza, muciya zai tarar tana jiransa.