Kyanwar Rumbun Iri da Baƙo Mai Turare

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso daga nesa.

Ta iso mu ji ta.

Wani gari ne a gindin dutse. Shekara ta zo musu da fari. Gero ya ƙone a tsaye, dawa ta fid da kai babu ƙwaya. Da aka yi girbi aka ga abin da aka samu, sai mai gari ya ce kowane gida ya kawo irin da zai shuka baɗi, a zuba a rumbu guda, kada yunwa ta sa mutum ya daka irinsa ya cinye. Aka tara. Aka rufe bakin rumbu, aka ɗora jinka.

Rumbun nan yana bayan ɗakin wata tsohuwa mai suna Gwamma, ita da jikarta Tasalla. Ba su da komai sai kaza guda mai yi musu ƙwai, sai kyanwa ana ce mata Toka, sai ɗan kyanwar, muzuru ne, bai gama girma ba.

Toka ke gadin rumbu. Ɓera ya leƙo, ta kama. Ɓera ya yi rami, ta tsare bakin ramin. Abincinta ke nan: ɓera, ƙadangare, fara, sai ruwan kasko. Ba ta da ƙiba, amma ba ta taɓa kwanciya ciwo ba.

To, a ƙarƙashin dutsen nan Sarkin Ɓeraye yake, shi da jama'arsa, su ma yunwa ta kama su. Ya aika mayaƙa, ba su dawo ba. Ya aika mahaƙa, ba su dawo ba. Ya aika ɗansa na cikinsa, sai jela aka tsinta.

Sarkin Ɓeraye ya dubi jelar. Can ya ce, "Farcenta ya fi ƙarfinmu. Mu bi ta cikinta."

Ya rikiɗa ya zama mutum, dattijo mai siririn baki da gashin baki tsilli-tsilli. Ya sa riga mai ruwan ƙasa. Ya yi wanka da turare, ya sake yi, don kada hanci ya gane shi. Ya shiga gari, ya sauka a zauren mai gari, can nesa da rumbu.

Aka gaisa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji kuna da kyanwa mai tsare muku iri. Me kuke ba ta?"

Mai gari ya ce, "Ita ke nema wa kanta."

Baƙo ya kaɗa kai. Ya ce, "Ran garinku duka yana hannunta, kuma kun bar ta tana cin ƙadangare? A garinmu madara muke ba irinta."

Kunya ta kama mai gari. Saniya guda ta rage masa mai nono. Aka tatse ta, madarar da yaran gari ba su samu ba, aka cika ƙwarya aka kai wa Toka.

Toka ta sha. Kada in yi mata ƙarya, ta ji daɗinta, ta lashe ƙwarya tas, ɗanta ya lashi abin da ya zube. Kafin rana ta faɗi cikinta ya fara ƙugi. Kafin gari ya waye zawo ya tsinke mata.

Na ga kuna dariya don na ce zawo. Ku yi ta yi, za ku daina.

Toka ta je bayan rumbu ta dawo, ta koma ta dawo, ta sake komawa. Duk sa'ad da ta juya baya, sai ɓeraye su kutsa ta ƙasa, suna waƙa a hankali:

"Sha, Toka, sha,
Ke ki sha fari, mu mu ci gero."

Mai gari ya zo duba ta. Toka ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode da kyauta. Amma cikina ba irin naku ba ne. A bar ni da ruwa, a bar ni da abin da na saba."

Mai gari ya koma ya faɗa wa baƙo. Baƙo ya ce, "Kawaici take yi muku. Ciki in ya saki, maiƙo ke ɗaure shi. A ba ta kitse da man shanu."

Aka bi gida gida. Mai ɗan kitsen da ta ɓoye a tukunya ta fito da shi, har ya fara wari. Mai ɗan man shanu a ƙoƙo ta kawo. Aka cakuɗa aka ajiye gaban Toka. Ta kau da kai. Mutane suka tsaya a kanta, suna lallashi, suna cewa don ke muka hana 'ya'yanmu. Kunya ta sa ta ci. Ɗanta ya cinye saura, shi ma zawo ya kama shi.

Zawo ya koma ruwa zalla. Idanunta suka faɗa. Gashinta ya tashi, ƙashin bayanta ya fito. Ɓera ya wuce ta gabanta, ta ɗaga hannu, hannu ya faɗi. Ɓeraye suka daina waƙa a hankali, suka ɗaga murya:

"Ci, Toka, ci,
Ke ki ci mai, mu mu ci dawa."

Tasalla ta je wurin mai gari ta durƙusa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, tun da aka fara ba ta abincin nan take lalacewa."

Mai gari ya ce, "Tashi ki ba mu wuri, manya na magana."

Baƙo ya ce, "Saura magani guda. Romo mai zafi, a cika masa albasa da yaji. Ni da kaina zan ba ta."

Ya san ba ta iya tashi, shi ya sa ya yarda ya matso. Aka riƙe Toka, aka buɗe bakinta, baƙo ya sunkuya ya ɗura mata. Da ya sunkuya, sai iska ta ɗaga bakin rigarsa. A ƙarƙashin turaren nan Toka ta ji warin da ta sani.

Mutane suka watse. Toka ta kira Tasalla da 'yar muryar da ta rage mata. Ta ce, "Matso. Baƙon nan ɓera ne. Ni tawa ta ƙare, albasar nan ta shiga jinina. Ɗana bai sha romo ba, yana da sauran rai. Ɓoye shi. Ba shi ruwa mai tsabta, kaɗan kaɗan, kada ki gaji. Ki dafa masa nama da ruwa zalla, ba gishiri, ba mai, ba yaji. Ki ba shi ɗan kaɗan, ki jira, ki ƙara. Kada ki sauya masa abinci rana guda."

Daga nan rai ya yi halinsa. Tasalla ta haƙa rami a gindin rumbu, ta sa ta, ta mayar da ƙasa.

Ta ɗauki muzuru, ba nauyi, kamar ta ɗauki tsumma. Ta sa shi a tsohon kwando a ƙuryar ɗaki. Ta dubi kaza. Gwamma ta ga inda take duba.

Gwamma ta ce, "Ƙwanta muke ci, 'yar nan. In ta tafi, me za mu ci?"

Tasalla ta ce, "Iya, in iri ya tafi, me gari zai ci?"

Tsohuwa ta dubi kazar. Can ta ce, "Kai wa maƙwabci ya yanka. Kada ki faɗa masa dalili."

Aka yanka kaza. Tasalla ta dafa da ruwa zalla. Ƙanshi ya cika ɗaki, ita da kakarta suna jin yunwa, ba wadda ta taɓa. Ta tsoma yatsa a ruwa ta ɗiga wa muzuru a baki. Ta ɗiga, ta jira. Ta ɗiga, ta jira. Ta yagi tsoka kamar ƙwayar gyaɗa ta ba shi. Sauran ta shanya a rana don kada ya lalace.

Kowace safiya sai ta duba abin da ya yi. Da fari ruwa ne. Ta ci gaba. Daga baya ya yi kauri kamar kunu. Ta ci gaba. Wata safiya ta ga muzuru ya fito daga kwando da ƙafarsa, ya tona ƙasa, ya yi abinsa da tauri, ya binne. Ya miƙe, ya wasa farce a jikin turmi.

Ya ce, "Ina wanda ya ɗura wa uwata romo?"

Tasalla ta ce, "Koma kwando tukuna."

Ta yafa masa zane, ta ɗauki kwando, ta hau tsani, ta ɗage jinka, ta sauke shi cikin rumbu. Ta leƙa ciki. Irin da ya kai wuyan rumbu ya koma can ƙasa, sai ƙaiƙayi da kashin ɓera.

Ta sauko ta nufi zaure. Ta durƙusa gaban baƙo, tana share hawaye. Ta ce, "Baba, uwar ta mutu, ɗan ma ba na ganinsa a tsakar gida. Rumbu ba mai tsaro. Ni yarinya ce, kakata ta tsufa. Kai ka san komai, ka zo ka duba mana ko da sauran abin da za a ceta."

Gashin bakin baƙo ya motsa. Ya ce wa mai gari, "Bari in taimaka wa yarinya."

Ya hau tsani, mutane na kallo daga ƙasa. Ya dira ciki. Tasalla ta mayar da jinka, ta zauna a kai. Da ya ga duhu, ya ga hatsi, sai ya kasa daurewa. Ya tuɓe riga, ya koma kamarsa ta ainihi, ya kira jama'arsa su fito a yi biki. Suka fito ta kowane rami.

Zane ya motsa a kan kwando.

Mutanen da ke waje suka ji kuka, suka ji gudu, suka ji abu na bugun bangon rumbu. Suka ji shiru. Tasalla ta ɗage jinka. Muzuru ya fito da Sarkin Ɓeraye a baki, ya ajiye shi gaban mai gari. Aka shiga aka fito da riga mai ruwan ƙasa, har yanzu tana ƙanshin turare.

Mai gari ya dubi riga, ya dubi ɓera. Ya tambayi inda aka binne Toka. Aka nuna masa. Ya tsaya a wurin har rana ta karkata.

Aka kwashe abin da ya rage, aka sheƙe, aka raba. Gidan da ya kawo kwando ya koma da ƙoƙo. Da damina ta zagayo, ruwa ya sauka da kyau, amma gonaki da yawa ciyawa ce ta fito a cikinsu, don ba abin da za a sa a ƙasa. Wasu gidaje suka ɗaure kaya suka bar gari, ba su dawo ba. Gwamma ba ta ga kaka ba, yunwar damina ta tafi da ita.

Tasalla ta shuka ƙoƙonta ita kaɗai. Muzuru na biye da ita a kunyoyin gona, yana kama fara. Da geron ya nuna, na waɗanda suka tsaya ya ishe su su kai wata shekara. Daga nan ba wanda ya sake kusantar kyanwa da ƙwaryar madara a garin.

To, kun ji. Kowane ciki da abin da yake ɗauka, na kyanwa daban, naku daban. In za ku yi wa wani alheri, ku saurari abin da ya ce yana so. In ya ce ya isa, ku janye hannu.

Ƙurunƙus, na yar da ita a kan ɓera. In da ƙarya a ciki, ta gizo ce, ba tawa ba. Ku tashi ku je ku kwanta.