Yadda Magawata Ya Wanke Sunan Sarkawa

A zamanin da jiragen hayaƙi na Turawan ciniki suka fara hawa Kwara suna lodin kaɗanya da fatu, an yi wani maharbin dorina cikin Sarkawa, masuntan nan 'yan asalin Kabi, ana ce da shi Magawata. Gajere ne mai faɗin ƙirji, magana kuwa sai an roƙe shi. Makaminsa zago, mashin nan mai ƙugiya da doguwar igiya.

A wata kwanar kogi kusa da tungarsu, 'yan fashi suka addabi jiragen. Kamfani ya zuba masu gadi goma sha biyu da bindigogi da jajayen huluna, amma a banza. Su idonsu na kan gaɓa, fashi kuwa ta tsakiyar ruwa yake ɓullowa. Da aka kwashe jirgi na uku, Baturen kamfani ya yanke cewa masuntan wurin ne ɓarayin, tunda su suka san ruwa. Ya aiko cewa in aka sake taɓa jirgi, tungar za ta ci wuta.

Ran Magawata ya ɓaci ƙwarai, don ƙona bukka bai kai masa zafin a kira ubansa ɓarawo ba. Ya ɗauki zago ya je gaban Bature, ya dubi tafinta.

"Hwaɗa mai shi ba ni rakiyar jirgi tahiya guda. In an ɗauki ko allura, ni ka kunna ma tungarmu wuta da hannuna."

Masu gadi suka yi ta dariyar mai mashi a cikin masu bindiga. Bature dai ya yarda.

Da hantsi suka doshi kwanar a jirgin kamfani. Magawata ya ce a kashe injin, don maharbi ba ya shiga wurin dorina da hayaniya. Matuƙi ya yi gunaguni, ya kashe. Ruwa ya cika, curin ciyawa na ta gangarowa kamar kullum, balbela na sauka a kan kowanne. Guda ɗaya kaɗai suke kauce wa, shi ne kuma yake ratsa igiyar ruwa maimakon ya bi ta. Magawata ya kafa kunne a jikin jirgi. Tsofaffi sun ce numfashin mutum tara ya ji, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Ya saki zago. Maimakon laushin ciyawa sai aka ji ƙarar katako. Daga cikin ciyawar aka harbe shi a ƙirji, waɗanda ke wurin kuwa sun rantse harsashin ruwa ya zama, rigarsa ce kawai ta jiƙe.

Ya daka wa masu gadi tsawa: "Ku aje bindiga ku kama igiya!"

Masu dariyar ɗazu suka kama, aka ja, ciyawa ta kife da kwalekwalen da ke ƙarƙashinta. Aka tsamo mutum tara, babu Basarke ko ɗaya.

Bature ya miƙa masa jar hula da shugabancin masu gadi. Ya karɓi aikin, ya ƙi hular. Abu guda ya nema, Bature ya taka har tunga ya janye maganarsa a gaban dattawa. Bature kuwa ya je, ya cire malafarsa, ya faɗa, tafinta ya maimaita sau uku.

Shekara goma sha bakwai Magawata da 'yan'uwansa suna rakiyar jirage, ko buhu bai ɓata ba. Tungar tana nan ba ta taɓa ganin wuta ba, da sunansa ake kiranta. Har yau duk mai jirgin injin da ya iso kwanar sai ya kashe, ya bar ruwa ya tafi da shi, sannan ya ɗaga murya: "Magawata na Kwara, mai zago, mun wuce lafiya!"