Maganin Mai Takaba

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake kai marar lafiya asibiti a kan jaki. Ku matso, 'ya'yan nan, muryata ta gaji, ba zan iya ɗagawa ba. Sunan bawan Allah nan Malam Barau, shi ke riƙe da ɗakin shan magani na garin.

A lokacin tarin fuka ya addabi mutane. Magani akwai, amma ya zo da doka daga manyan likitocin duniya: mai ciwo ya zo da ƙafarsa kowace safiya, ya haɗiye ƙwaya a gaban ma'aikaci, wata da watanni. Wanda bai zo ba, ba a ba shi. Kuma dokar ba ta banza ba ce, ku saurara. Mutanenmu da sun ji sauƙi sai su watsar da magani, ciwo ya dawo ya fi na da.

To, akwai wata mata, Tabawa. Tana cikin shan nata, tarin ya kashe mijinta, ta shiga takaba. Dangin miji suka ce ba ta taka ƙofar gida. Barau ya je wurin liman, liman ya ce lalura ta halatta mata fita. Wan mijin ya ce wa Barau, "Liman ya faɗi nasa, amma mu za a zaga a gari. Ba mu ƙwayoyin, mu ba ta."

Barau ya ce, "Ranar da tarin ya lafa za ku ce ta warke."

Ita ba ta fita, shi namiji ba ya shiga. Sai ya tsaya a zaure yana jin tarinta ta bayan katanga. Ya je, ya dawo, ya je, ya dawo, har takalminsa ya gaji. Da ya zauna ya yi tunani, sai ya ga ashe abin da dokar ke nema shi ne idon da zai shaida an haɗiye.

Ya tare Iya Kande mai koko, wadda ke shiga kowane gida da sassafe.

"Iya, aiki zan ba ki."

"Kai Barau, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba, ka mai da ni likita?"

"Ba rubutu nake so ba, ido nake so. Naki kuwa ba abin da ke wuce shi."

"Wato 'yar sa-ido ka ce mini ke nan, ɗan nema! Kawo."

Kullum ta karɓi ƙwayar ranar, ta kai, Tabawa ta haɗiye a gabanta.

Ana nan sai shugabarsa, Hajiya Saratu, ta zo zagaye daga birni. Ta tambaye shi, "Duk a gabanka suke haɗiyewa?"

Ku saurara da kyau. "I" kawai zai ce, ta shiga mota. In kuwa ya faɗi gaskiya, tana iya tsayar da maganin Tabawa nan take. Sai ya ce, "Ban da mutum ɗaya, ranki ya daɗe." Ya kwashe labari ya gaya mata.

Hajiya ta zauna a benci, ta cire takalmi, tana matsa ƙafa. "Malam, da ka ce i, da yanzu ina hanya."

"Da na ce i, can sama za su ci gaba da zaton dokar ta dace da mu. Mai takaba ta gaba kuma wa zai kai mata?"

Washegari Hajiya ta bi Iya Kande cikin gidan. Ta ga an miƙa wa Tabawa ƙwaya da ruwa, ta ji tsohuwa tana cewa, "Buɗe baki. Ɗaga harshe. Kar ki yi mini wayo, na haifi uwarki." Da ta fito ta ce, "A ci gaba da kai mata. Amma dole in kai magana sama, kuma za a nemi mai laifi."

Aka samu mai laifi. Aka ɗauke Barau aka jefa shi wani ƙauye mai nisa, inda ko mota ba ta zuwa. Tabawa ta gama maganinta ta warke sarai. Maganar ba amintattun mata izinin kai magani cikin gidaje kuwa, shekara da shekaru ana ja, kafin a yarda Barau ya rasu, ba wanda ya ambaci sunansa. Haka duniya take, 'ya'yana, na ga irinsa har na gaji da gani.

To ga abin da nake so ku riƙe. Doka in ta zo daga nesa, kada ku yar da ita, kada kuma ku bar mutum ya mutu a ƙarƙashinta. Ku duba me take tsarewa, ku tsare shi ta hanyar da za ta yiwu a gidajenmu. In an tambaye ku, ku faɗi abin da kuka yi, ko zai ci ku. Ku masu aikin jinya, da ku masu marar lafiya a ɗaka, wata rana za a yi muku tambayar da "i" ɗaya za ta sallame ku. Ranar nan ku tuna akwai wanda zai zo bayanku da irin ciwon. Allah Ya ba mu ikon faɗi.