Fadamar Inna Tasalla

Ku matso ku ji wannan, domin in na gama ku ne za ku yanke hukunci.

A wani ƙauye na bakin kogi akwai wata tsohuwa, Inna Tasalla, matar marigayi Sarkin Fadama. Bayan rasuwarsa kogi ya dinga zabtare gaɓa kowace damina, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyar ruwa, har fadamar da ke ciyar da gari ta mutu. Inna takan zauna kan tudu tana kallon wurin, tana share hawaye da bakin zane. Ba ta haihu ba, sai 'ya'yan ƙanin mijinta uku da ta goya.

Nomau, babbansu, ya ɗauki lauje ya faɗa ruwa har wuya. Ya yi ta yankan kachala daga ƙarƙashin ruwa don kada ta sake tsirowa. Matsattsaku suka sha jininsa, ƙafafunsa suka tsattsage, amma ruwa ya samu hanya.

Sai dai da ruwan ya ƙara gudu, gaɓar ta ƙara zubewa. Jatau, na tsakiyarsu, ya bi bakin kogi yana dasa ciyawar jema da gawo da giginya. Rani guda yana ɗauko ruwa da tulu a kafaɗa yana ba su, har saiwa ta kama ƙasa, gaɓa ta tsaya.

Aka shuka shinkafa, sai ɓeraye da fara suka afka mata. Barau, ƙaraminsu, maharbi ne. Ya rataye bindigarsa, ya hana ƙona daji da harbi a wurin, ya ware wani tsibiri ya bar wa namun daji. Abokan farautarsa suka daina gaishe shi, har aka fasa masa kai. Bai janye ba. Shaho da mujiya suka dawo suka cinye ɓeraye, balbela ta share fara.

Ranar girbi Inna ta damƙi zangarniya. Mai gari ya zo ya ce, "Inna, rawanin mijinki ya daɗe a ajiye. Nuna mana wanda za mu naɗa."

Ta dubi ƙafafun Nomau, da kafaɗar Jatau, da tabon kan Barau. Ta ce, "Ranka ya daɗe, duka bayana suka hau. Ba zan iya ba."

Rawani kuwa ɗaya ne. To jama'a, a cikin ukun nan, kan wa ya kamata a naɗa shi?